Cokalin Kafinta

An yi bikin ranar Asabar, wata biyar bayan likitoci sun yanko ƙashi daga ƙafarta ta hagu sun gina mata muƙamuƙin ƙasa da shi. Amaryar malamar makaranta ce, a gida Auta ake ce mata. Angon kafinta ne. Da an bi ta tata, da ba a yi ba.

Haƙori ɗaya ne ya jawo. Ta yi ta shan maganin kashe zafi har ciwon ya shiga ƙashi ya ci rabinsa. Kwana tara da yin tiyata ta nemi madubi. Sau ɗaya ta duba. Da yake an hana ta magana, sai ta rubuta a takarda: "Baba, ka ce masa na fasa."

Baba ya isar da saƙon a bakin ƙofa. Kafinta ya saurara, ya yi godiya, ya shige ɗakin.

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Auta, na ga hoton ƙashin," in ji shi. "Yanka uku, ƙarfe ɗaya, sukuru takwas! Likitan nan da zai zo shagona, yau zan ɗauke shi aiki."

Mayafin ya girgiza.

"Malam, kar ka sa ta dariya!" in ji nas. "Ɗinki ne a bakin!"

Auta ta rubuta: "Ba fuskar da ka sani ba ce..."

"Ni ma sanƙo ya fara min, rabin raina. Kin ji na ce na fasa?"

Ya zaro wani siririn cokalin katako daga aljihu. Ashe ya tambayi nas iya buɗewar bakin, aka ce faɗin yatsa ɗaya, ya je ya sassaƙa daidai. Madara ba ta shayuwa ta cikin mayafi. Ta sauke shi.

A cokali na uku madarar ta gangaro haɓarta. Ba ta ji ba, leɓen ƙasan ya mace. Baba ya kau da kai. Kafinta kuwa haɓarsa kawai ya taɓa da yatsa. Ta gane, ta goge.

Ranar bikin sau huɗu ya taɓa haɓa. 'Yan'uwansa suka ce yanga yake da gemu.

Leɓen har yau bai dawo ba. Likita ya ce a ba shi shekara, amma ya ƙi yin alkawari.