Furen Badon Gandun Daji

A wani zamani an yi wata yarinya mai kaka makauniya. A bakin wata fadama mai duhun itatuwa aka haifi tsohuwar, tun hukuma ba ta mai da wurin gandun daji ba. Kullum zancenta ke nan: wannan fadama da furen badon da ke cikinta.

Wata rana uban yarinyar ya ɗebi iyalinsa a mota za su kallon gandun. Tsohuwa ba ta iya doguwar tafiya, sai ta ce, "Jikalle, ki gano mini gida."

Suka yi ta tafiya, suka yi ta tafiya, har suka isa. Mai gadi ya ce, "A nan kallo ake yi, ba a tsinka."

Can yarinyar ta ga furen bado fari fat a bakin ruwa, ga shi ba mai ganinta. Ta tuna kakarta, ta miƙa hannu, ta janye. Ta sake miƙawa, ta sake janyewa. Sai ta durƙusa ta daɗe tana shaƙar ƙamshinsa, tana sauraron kukan kwaɗi.

Da suka dawo ta ce, "Kaka, ban tsinko miki ba. Yana can cikin ruwansa."

Tsohuwa ta laluba ta kamo hannunta. "Ashe har yanzu yana fitowa. Zauna ki faɗa mini, a hankali, kada ki tsallake komai."