Ranar da Tajuddeen Ya Ɗaga Ido

Abin da Tajuddeen ya fara gani takalman Luba ne, don shi ba ya ɗaga ido. Ita ce sakatariyar da ke kiran masu neman aiki a wani kamfanin taki a Gusau, shi kuwa intabiyu ta bakwai ke nan yana tasowa daga Tsafe yana faɗuwa.

Da ya fito, ta biyo shi.

"Malam, an ce ka faɗi abin da ka iya, ka ce Allah ne Mai iyawa. Ai sun sani. Kai suke tambaya. An ba ka kujera, ka tsuguna!"

"To in yabi kaina gaban manya?"

Ta karɓi lambarsa, wai don tausayi. Mu masu furfura mun san inda irin wannan tausayin ke sauka. Nawa tausayin ya kai ni ga 'ya'ya biyar.

Kowace Asabar yana ƙofar gidansu a Bungudu, tana yi masa gwaji.

"Me ya sa za mu ɗauke ka? Kalle ni, ɗalibina."

Ranar da ya kalle ta, amsar ta gudu.

Ya tura mata saƙo: "Malamata, yau na kalli madubi minti biyar ban sunkuya ba."

Ta amsa: "Madalla. Saura mutane."

A intabiyu ta takwas ya ci, aka ba shi kula da sito. Da maganar aure ta taso, Malam Sama'ila, mahaifin Luba, ya ce ya zo ya gan shi.

Tajuddeen ya shiga zaure da kwat, ya hau kujera, ya miƙa wa dattijo hannu, ya zuba masa ido.

"Mi ka taho da shi, yaro?"

"Ina da ƙwazo, Baba. Ina da gaskiya, ina da haƙuri da jama'a."

Bayan ya tafi, Malam ya ce, "Luba, ba ni yi miki dole ga kowa. Amma wanga marar kunya, a'a."

Ta rubuta wa Tajuddeen: "Ni na koya maka, ni na rasa ka. Ka yafe mini, ɗalibina."

Wata takwas ba su haɗu ba. Wani Bashar ya soma ajiye mota a ƙofar gidan.

Sai ciwon suga ya cinye idanun Malam, ya kwantar da shi a asibiti a Gusau. Ba shi da ɗa namiji. Bashar ya zo sau ɗaya da ayaba. Tajuddeen kuwa kullum ya tashi aiki sai ya zo ya juya shi, ya wanke shi, ya tsuguna gefen gado, bakinsa gum.

Ran nan Malam ya laluba ya kama hannunsa.

"Kwana ashirin kana ɗawainiya da ni, ban ji muryarka ba. Kai wane ne? Mi ka iya?"

"Ban iya komai ba, Baba."

Dattijo ya ƙara riƙe hannunsa.

"Na san muryar ga. Ina ƙwazon? Ina gaskiyar?"

"Na baro su a ofis, Baba."

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Luba tana bakin ƙofa, hawaye na zuba.

"Yanzu kalle ni yadda kake so, tunda ba ni ganinka. Na ba ka ɗiyata."

Saura kwana tara ɗaurin aure Malam ya rasu. Bayan arba'in ƙanensa ya ɗaura, ba kiɗa ba guɗa.

Da aka kai amarya Tsafe, ta sunkuyar da kai cikin mayafi tana kuka. Tajuddeen ya tsuguna gabanta.

"Malamata, ɗago. Kalle ni."

Ta ɗago.

Allah Ya jiƙan Malam Sama'ila, Ya ba su zuriya mai sanin inda ake ɗaga ido da inda ake sunkuyar da shi.