Bencin Sikanin

"A gaban idona za a yi shi, in ba haka ba a maido mana kayan sa-rana!"

Maganar Hajiya Fanta, uwar saurayinta Nu'uman, ta daki Mubina har ƙashi, amma ko kai ba ta iya ɗagawa ba.

Ta gaji.

Watanni ke nan tana ganin jini duk sanda ta zagaya bayan gida. Kaka ta ce basir ne, aka yi ta ɗura mata jiƙo da sassaƙe, ciwo sai gaba yake. Ranar da jiri ya kayar da ita a bakin rijiya, ta saci jiki daga Yasore zuwa wani ƙaramin asibiti a Batsari, likita ta ce sai an yi mata sikanin, a ɗauki hoton cikinta.

To, a wajenmu wa ke zama a bencin sikanin in ba mai juna biyu ba? Nan Zahra'u, 'yar gwaggon Nu'uman da ta daɗe da ƙyalla ido a kansa, ta hango ta. Mubina ta tsorata, ta gudu ba a yi ba. Kafin la'asar labari ya riga mota isa Safana, garin su Nu'uman: amarya na da ciki!

Nu'uman ya zo har zaure yana lallashi.

"Abar ƙaunata, faɗa mini mi ke damunki."

"Yaya Nu'uman... ba zan iya ba."

Wace budurwa ce za ta buɗe baki ta yi wa saurayi zancen bayan gida?

Yau ga ta kwance a gadon asibitin, ba ta ci komai ba tun safe, kamar yadda aka umarce ta. Kaka na dama, Hajiya Fanta na hagu ta gyara zaman gilashinta. Nu'uman, da ya kawo su, yana bayan labule.

Likita ta shafa mata wani mai mai sanyi a ciki, ta shiga yawo da kan na'urar a hankali.

"Hajiya, babu ciki. Mahaifa lafiya lau. Sai dai ku dubi nan, bangon babban hanji ya kumbura ya yi kauri, ina zaton daga nan jinin..."

"Alhamdulillahi!" Kaka ta rangaɗa guɗa har da hawaye. "Allah Ya wanke ɗiyata!"

Hajiya Fanta ta dafa kan Mubina. "Ki yafe ni, ɗiyar kirki. Zahra'u kuwa, za ta gamu da ni!"

Suka fice suna rige-rigen buga waya, kowa na son a ji daga bakinta. Likita ta bi su da kallo, kan na'urar na hannunta.

Mubina ta lumshe ido. An wanke ta, i, amma ciwon na nan inda yake, kuma ba wanda ya ko ji sunansa.

Sai aka yi gyaran murya a bayan labule.

"Likita, a gafarce ni... hanjin fa?"

"Sai an je Katsina an leƙa ciki da kyamara kafin a tabbatar. Ana samun sauƙi, amma jinya ce mai tsawo."

"Gobe da sassafe motata na ƙofar gidansu."

Kunya ta rufe Mubina, ta ja mayafi har fuska.

"Yaya... yanzu ka ji komai. In Hajiya ta gane mara lafiya za a kai maka..."

"Ni zan gaya mata da bakina. Rana kuma tana nan inda aka sa ta."

Ta ɗan janye mayafin, ta ce a hankali, "Ban ji ka yi hamdala ba da aka ce babu ciki."

"Ni ba wannan na zo ji ba, Mubina."