Saura Inci Uku

Auta na kan ɗinki a falon gidan hayarsu, sai ga yayarta ta faɗo ko sallama babu, mayafi a hannu.

"Ke Auta! Da gaske ne kun fasa sayen gidan?"

"Mun fasa, Yaya. Zauna mana."

"Ba zan zauna ba! Gida sabo fil, tayil har banɗaki, na sa hotonsa a sitatus kowa ya yi min barka, yanzu ki ce kun fasa? Da wane ido zan kalli mutane?"

Abin da ya faru kuwa shi ne: shekara bakwai Malam, mijin Auta, yana koyarwa safe da yamma don ya cika alkawarin da ya yi mata na gidan kansu. Jiya suka je sa hannu. Ejan, wato dillalin kamfanin da ya gina gidan, na ta zuba kamar rediyo, ita kuwa Auta, da tef ɗin awonta a wuya kamar kullum, ta durƙusa ta auna ƙofar banɗaki. Inci ashirin da huɗu. Keken guragun Inna, surukarta, ashirin da bakwai ne! A gidan gwajin da aka nuna musu bara kuwa, ƙofofin ba haka suke ba.

"Dokar kamfani ce, madam, ba a taɓa bango," in ji ejan. "Ai sai a riƙa ɗaukarta."

Nan take Auta ta zare biro daga hannun mijinta.

Yanzu ga Malam ya shigo ana cikin hayaniyar Yaya da Auta, idonsa jawur. "Yaya, wallahi na ce mu saya don Auta. Ni zan riƙa ɗaukar Inna da kaina."

"In kana makaranta fa?" Auta ta ce. "Ta zauna tana jira sai an tashi? Matar da ko ruwa ba ta son a miƙa mata?"

Yaya ta taɓe baki. "To a kai ta wajen ƙaninsa mana. Wai uwarki ce?"

Auta ta miƙe, almakashi ya faɗi ƙasa. "Yaya, girmanki nake gani! Wa ya kwana uku a kaina ina naƙuda, ke kina can kina ɗaukar selfi?"

"Ni kike faɗa wa haka? To ki zaɓa, ko mu ko su!"

Sai ga muryar Inna daga ɗaki, a sanyaye: "Ku saya, 'yata. Ni kwana nawa ya rage min?"

Auta ta ruga ta kifa kai a cinyarta, hawaye shaɓe-shaɓe. "Ko kwana ɗaya ne, Inna, da kanki za ki shiga ko'ina."

Wata takwas Yaya ba ta ɗaga wayarta ba. Auta ta daure, ba ta fasa tura gaisuwa ba. Ana nan suka samu wani tsohon gida, fenti duk ya koɗe, amma ƙofofi ka ce na gareji. Ranar tarewa Yaya ta zo a kunyace, ta tarar da Inna tana murza kekenta daga falo zuwa kicin, tana ba da oda kamar manaja.

"Ba tayil ko?" Yaya ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Babu," in ji Malam, yana kallon matarsa kamar yau ya fara ganinta. "Amma kowa ya shiga."

Ku ji da kyau, 'yan mata: kafin fenti ya ruɗe ku, ku auna ƙofa da mutanenku. Wadda ta yi haƙuri don tsohuwa, ita ma wata rana za a buɗe mata.