Gyaɗar Gida

"Kunu ne fa, Lukman! Kunu! Ba guba Gwaggo ta miƙo maka ba!"

"Hidaya, ki saurare ni..."

"Ba zan saurara ba! Kurɓa ɗaya za ka yi ka ajiye, ka ce ka ƙoshi. Wa ya aike ka wa'azi?"

Muna tsaye a bayan katangar gidanmu a Achika, ya riƙe babur ɗinsa ya kasa hawa. Shekara biyu muna tare. Ranar Alhamis ɗin nan ce Baba ya ce ya zo, zai faɗa masa lokacin da zai turo manyansa. Na yi kitso, na sha lalle, har Gwaggo Yelwa, yayar Baba da ke riƙe da gidanmu tun rasuwar Innata, tana yi mini tsiya wai amarya ta riga ango shiri.

Sai Malam Lukman ya zo ya ɓata komai a kan kofi ɗaya.

Abin da ya faru shi ne, da ya shigo gaida Gwaggo ya same ta tana tsince gyaɗa, don gobe Juma'a kasuwar Wudil. A gidanmu kashi biyu ake yi. Mai kyau, cikakkiya, ita ce ta kasuwa, a buhu take. Motsattsiya da fasasshiya da wadda funfuna ya kama, ita ce ta gida, a ƙwarya. Da ita muke kunu da miya da ƙuli-ƙuli tun ina yarinya. Babana Haladu kuwa duk 'yan gyaɗa sun san shi, buhunsa ba a zazzagewa a duba.

Da aka kai wa Lukman kunu zaure, sai ya tambaya da wacce aka dama. Aka faɗa masa. Ya ture kofin a hankali. Lukman ma'aikacin lafiya ne a wani asibiti a Wudil, kuma Allah Ya yi shi da bakin da ba ya iya kwana. Baba na tambayarsa dalili, ya ce funfunan gyaɗa da na masara yana da dafin da tafasa ba ta kashewa, in an daɗe ana ci yana iya lalata hanta, har ya kai ga ciwon daji.

Ina laɓe a bayan ƙofa na ji muryar Baba ta sauya.

"Wato ni na kashe ta ke nan?"

"Wa, Baba?"

"Tashi ka fita. Wanda ba zai ci abincin gidana ba, ba zai auri 'yar gidana ba."

Yanzu ga Lukman a gabana idonsa ya yi ja. "Hidayata, wa Baba yake nufi?"

Kullum abin da nake ce masa shi ne Inna ta yi jinya ta rasu. Ban taɓa faɗa masa cikinta ya kumbura ba, idonta ya koma rawaya, likitocin Kano suka ce dajin hanta ne. Shekara huɗu ke nan, ko a gida ba ma ambaton sunan ciwon.

Da na faɗa masa, ya saki babur ɗin ya faɗi ƙasa.

"Innalillahi... Wallahi ban sani ba! Da na sani da na nemi wata hanyar faɗa."

"Amma da ka sha?"

Ya girgiza kai. "Ba zan sha in bar ki kina sha ba. Gara Baba ya hana ni ke, in dai kina raye ina hango ki."

Na so in ci gaba da fushi, wallahi na so. Amma wace mace ce za ta ji wannan zuciyarta ba ta karye ba?

"Ɗaga babur ɗinka ka tafi," na ce. "Kar ka kira Baba, kar ka turo kowa biko. Ni na san ubana."

Na san shi kuwa. Baba ba a cin sa da surutu. Don haka washegari na karɓi girki daga hannun Gwaggo, na ce ta huta bayanta. Ƙwaryar gyaɗar gida na ɗora ta can saman randa. Kullum da safe sai in kira Lukman in tambaye shi abin da zan dafa, shi kuma ya yi ta zuba kamar rediyo.

"Ganye, masoyiya, ganye! Zogale, rama, alayyahu. Wake. Tuwon dawa da gero sun fi farin fulawa. In kin samu gwanda ko goba ki ba su. Tsire mai ƙuna da lemon kwalba a rage."

"To in mun ci duk wannan shi ke nan ba ciwon daji?"

"A'a, ban ce ba. Rage haɗari ne, ba alkawari ba. Kuma ku zo a gwada muku ciwon hanta, akwai rigakafi."

Na yi kwaɗon zogale da tumatir da albasa ba ƙuli-ƙuli, Gwaggo ta ɗanɗana ta ce wannan ai abincin awaki ne, ta kuma cinye kwanon tas. Na yi faten wake da alayyahu. Na yi miyar taushe da kabewa zalla. Baba ma yana ci. Amma ina kallonsa yana juya miyar da yatsa yana neman abin da babu.

Kwana bakwai ba ya yi mini magana sai amsa gaisuwa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ni kaɗai ce 'yarsa, kuma ban saba da hakan ba.

Alhamis ta zagayo, Gwaggo ta sake tsince gyaɗa. Bayan la'asar na haɗa ta gida duka, tsohuwa da sabuwa, na ɗauki fartanya na nufi bayan rumbu. Ina cikin haƙa rami na ji inuwar mutum a kaina.

"Abinci za ki binne, Hidaya?"

Ban saki fartanyar ba. "E, Baba."

"Saboda wancan yaron?"

"Saboda kai. Baba, mutanen da ba su san sunanka ba su ke cin gyaɗarka mai kyau. Kai da ka noma ta da hannunka, me ka yi da za a bar maka ruɓaɓɓiya?"

Ya kalli ƙwaryar ya daɗe. Sai kawai ya zauna a ƙasa, a kan turɓaya, da farar rigarsa.

"Uwarki ce take tsincewa," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ko ɗaya mai tabo ba ta bari ta shiga buhuna, wai kar a raina ni a kasuwa. Tana tsincewa tana jefa masu tabon a baki, wai kar a yi asara. Shekara ashirin ina zaune ina kallonta... ina ma yi mata dariya, Hidaya!"

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar jana'iza. Na durƙusa na riƙe hannunsa ina kuka.

"Baba, ba wanda ya san abin da ya jawo nata. Lukman ma ya ce abubuwa da yawa ne ke kawo shi. Kwananta ne ya ƙare. Kai ba ka sani ba, ita ma ba ta sani ba. Amma yanzu mun sani."

"Yanzu mun sani," ya maimaita.

Ya share fuskarsa da hannun riga, ya miƙe, ya karɓi fartanyar daga hannuna. Shi ya ƙarasa haƙa ramin, shi ya juye ƙwaryar, shi ya mayar da ƙasa ya tattake. Sannan ya ɗaga murya.

"Yaya Yelwa! Buhun da ke bakin ƙofa a mayar da shi ɗaki. Ba ya zuwa kasuwa."

Ya juyo gare ni.

"Yaron nan ba shi da dabarar magana ko kaɗan."

"Ba shi da ita, Baba."

"Yana neman aurenki, ya san abin da zan yi, kuma ya faɗa." Ya saɓa fartanyar a kafaɗa. "Ki ce ya turo manyansa ranar Lahadi. Uwarki ba ta samu wanda zai hana ta ba. Ke kin samu, ba ni zan raba ki da shi ba."