Agogon da Bai Yi Azumi Ba

Babu abin da Taufiƙ Zniber yake tsoro a duniya kamar a ce kuskure ya fito daga hannunsa. Shi ya sa lokacin da ƙungiyar maƙeran tagulla ta birnin Fas ta sa shi ya girka manhajar auna ƙara a tsohuwar kwamfutarta, sai da ya duba aikin sau uku. Maƙwabta ne suka yi ƙorafin hayaniya. Maƙeran kuma suka ce bayanansu ba za su fita waje ba, don haka bai haɗa ta da intanet ba. Ba ta ɗaukar magana, ƙarfin ƙara kawai take rubutawa.

Ran uku ga azumi, tsakanin ƙarfe biyu da uku na rana, aka sace tsohon faranti mai zane wanda maƙeran suka gada daga kakanninsu. Washegari Insfekta Mbarek Lahlu ya iso.

Zargi ya faɗa kan mutum biyu: tsoho Si Allal mai riƙe da makullin ɗakin da ake ajiye farantin, da Hamdun, wanda makirufon na'urar ke manne a saman shagonsa. Hamdun ya rantse guduma ba ta bar hannunsa ba.

"Tambayi na'urar ɗan boko mana, ranka ya daɗe. Ita ba ta da dangi a kasuwa."

Taufiƙ ya buɗe jadawalin. Daga biyu zuwa uku, dukan guduma ba ƙaƙƙautawa. Daga uku zuwa huɗu, tsit. Si Allal ya sunkuyar da kai, domin shekaru arba'in na amana suna shirin zubewa.

Insfekta bai yi gaggawa ba. Ya ɗora yatsa a kan wani layi da ya zarce sauran tsawo.

"Wannan fa, ɗana?"

"Ƙarar igwar da ake harbawa lokacin shan ruwa ce, yallaɓai. Bakwai da minti arba'in."

"Ikon Allah. Ni dai shida da arba'in na sha miyata ta harira. Ko kwamfutarka ta fi mu tsoron Allah ne?"

Nan take Taufiƙ ya gano kuskurensa. Kowa a ƙasar ya mayar da agogonsa baya da awa ɗaya saboda azumi, kamar kowace shekara, ban da kwamfutar da ya hana ta jin labarin duniya. Ya bayyana cewa shirun nan na uku zuwa huɗu, a gaskiya na biyu zuwa uku ne.

Insfekta ya juya. "To, Si Hamdun, gudumarka ma sallah ta tafi?"

Hamdun ya yi ta kame-kame, daga baya ya amsa laifinsa. Wani mai otal ne ya yi masa tayi. Farantin kuwa yana cikin wata babbar tukunya a shagonsa. Aka tasa ƙeyarsa zuwa caji ofis.

Si Allal ya dafa kafaɗar Taufiƙ, ya gayyace shi shan ruwa. Taufiƙ ya gyara agogon, ya ji zuciyarsa wasai, sannan ya ɗaga murya yadda dukan maƙeran za su ji.

"Daga yau har Sallah, kullum igwa ta tashi ina nan zaune, dabino a hannu, ido a kan agogon nan."