Bindiga Mai Ruwan Zinariya

A garin El Paso akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu. Ita ce auta a gidansu. Yayanta Rogelio ɗan wasa ne, amma ba na ƙwallo ba. Wasan harbi yake yi a kwamfuta, su biyar a ƙungiya, kuma albashi ake biyansa. Shekara uku ya yi yana neman wannan gurbi.

Yarinyar ma tana taɓa wasan. Da tsohon asusun Rogelio take shiga, don ya ba ta lambar sirri. A cikin asusun akwai bindigogin wasa masu fenti iri-iri. Fentin ba ya ƙara wa bindiga ƙarfi, ado ne kawai. Amma yara suna matuƙar sonsa, har akwai shafukan intanet da ake caca da irin waɗannan bindigogi.

Ranar Alhamis da safe suna cin wake da ƙwai. Rogelio ya ɗauki kofi, ya yi maza ya ajiye.

"Hannun ne kuma?" in ji Mama.

"Wuyan hannun ne, Mama. Ko linzamin kwamfuta na riƙe sai ya yi zafi."

"To ka zauna a gida mana."

"Jibi ne fa gasar. Zan daure." Ya dubi ƙanwarsa. "Ke kuma, Auta, kada in ji maganar nan a waje."

Ba ta gaya wa kowa ba. Abin da ta yi ya fi haka muni.

A makaranta wani ɗan ajinsu mai suna Desmond ya nuna mata wayarsa. Bindiga ce mai ruwan zinariya.

"A caca na ci," in ji shi. "Ke yayanki ƙwararre ne, amma bindigarki sai ka ce tsohon bututun ruwa."

"Tafi can, sarkin cika baki," ta ce. Amma maganar ta sosa mata rai.

Ranar Juma'a Rogelio ya hau jirgi zuwa Dallas, inda za a yi gasar. Da yarinyar ta dawo daga makaranta, sai ta buɗe shafin cacar. Shafin ya tambaya ko ta kai shekara goma sha takwas. Ta danna "eh".

"Da wannan hannun ba za su ci ba," ta ce a ranta. "Ko na sa ko ban sa ba, faɗuwa za su yi."

Ta sa bindigogi uku a kan cewa abokan hamayya ne za su ci.

Ranar Asabar ita da Mama suka kalli wasan. Rogelio ya yi ta kuskure. Ƙungiyarsa ta faɗi. Nan take bindiga mai ruwan zinariya ta shigo asusun. Yarinyar ta dube ta, ba ta ji daɗin komai ba.

Ranar Litinin Rogelio ya dawo gida, fuskarsa a murtuke.

"An dakatar da ni," ya ce. "Masu shirya gasa sun ga asusuna ya yi caca a kan mu faɗi. Sun ce da gangan na ɓata wasan. In ban wanke kaina kafin Laraba ba, ni da gasa har abada."

"Kai ka yi?" in ji Mama.

"Haba, Mama!"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta kasa cin abinci.

Washegari ta leƙa ɗakinsa. Ta same shi yana ninke rigar ƙungiyarsa, zai sa a kwali.

"Yaya," ta ce, "ni ce."

Ya ajiye rigar, ya juyo.

"A kan mu faɗi kika sa?"

"Na ɗauka ba wanda zai sani."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Eh, Yaya. Ka yi haƙuri." Ta fashe da kuka.

Mama tana bakin ƙofa, ta ji komai.

"Kuka ba zai gyara ba," ta ce. "Je ki wanke fuskarki. Da bakinki za ki faɗa musu."

Suka kira mai binciken gasar ta bidiyo. Sunanta Misis Whitfield. Yarinyar ba ta ɓoye komai ba.

"Yaushe kika yi?" in ji matar.

"Ranar Juma'a, bayan na taso daga makaranta."

Matar ta duba takardunta. "Ƙarfe huɗu da minti goma, daga kwamfutar gidanku. Lokacin yayanki yana cikin jirgi." Ta kuma karanta takardar likita da Rogelio ya aika mata game da hannun.

"Na yarda da ke," ta ce. "Amma kai, Rogelio, ba a ba wa kowa lambar sirri, ko ƙanwarka ce. Wasa ɗaya za ka zauna a benci."

Aka rufe asusun. Bindigar zinariya ta tafi tare da shi. Mama ta hana yarinyar taɓa kwamfuta har wata guda.

Da hannun ya warke, Rogelio ya koma gasa. Wannan karon suka ci. Yana sauka daga dandali ya bugo waya.

"Auta, yau a kan wa kika sa?"

"Ban sa komai ba, Yaya. Ihu kawai na yi, har maƙwabta suka buga ƙofa."

Ya yi dariya. Ita ma ta yi.

Yara, caca ba wasa ba ce, ko da ta zo da kamannin wasa. Kada ku nemi riba da sirrin da aka ba ku amana. In kuma kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya da wuri, kafin laifinku ya hau kan wani.